Farin fenti a kundin zane: me ya sa yake kashe mini shafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na fara ajiye kundin zane, littafin da nake rubuta abin da ke raina, in liƙa 'yan takardu, in shafa launi a kai. Na sayi farin fentin akirilik don in riƙa gyara wuraren da suka cika hayaniya, amma duk inda na shafa shi sai shafin ya yi fari fat, ba rai a cikinsa. Wani lokaci rubutun biro ya huda fentin ya fito, shafuka suna mannewa da juna, alƙalamina kuma ya ƙi rubutu a kai. Fentin ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Duk abubuwan nan huɗu da kika lissafa halin fentin ne, kowanne da dalilinsa, kowanne kuma da maganinsa. Amma na farkon shi ne babba, don haka a kansa zan fi daɗewa. Kina ɗauko farin ne bayan kin ga abin da bai yi miki ba, ki shafe shi gaba ɗaya, wato kina ba shi aikin Tipp-Ex. Fari kuwa launi ne mai ƙarfi, kuma ana sa shi ne daidai gwargwado: wani wuri ya rufe ruf, wani wuri ya rufe rabi, wani wuri ya ɗan lulluɓe kawai har ana hango abin da ke ƙasa. Da shi mai zane ke zaɓar abin da zai matso gaba da abin da zai ja baya. Idan kika rufe komai da ƙarfi ɗaya, ido ba shi da inda zai shiga, shi ya sa kika ji shafin ya mutu.

Ɗauko tub ɗin ki juya bayansa. Idan na kamfanin kirki ne za ki ga 'yar lamba, galibi PW6, a gaba kuma an rubuta Titanium White. Wannan lambar sunan garin launin da ke ciki ne, garin titaniyom. Bai daɗe a hannun masu zane ba, sai wajajen 1920 aka fara samar da shi da yawa, a Norway da Amurka. Kafin nan farin da Turawa suka dogara da shi ƙarni bayan ƙarni na darma ne, mai guba, wanda kuma kan yi baƙi a kan takarda idan ya daɗe cikin gurɓatacciyar iska. Titaniyom ya ture shi saboda ba shi da irin wannan gubar, kuma babu wani farin da ya kai shi rufe abu.

Dalilin rufewar yana da sauƙin ganewa. Kowane fenti gari ne a cikin danƙo. A akirilik danƙon ruwan roba ne, wanda idan ya bushe yake zama fata siririya mai kama da gilashi. Haske na shiga cikin wannan fatar, ya ci karo da ƙwayoyin garin, su karkatar da shi su maido shi waje. Iya bambancin da ke tsakanin garin da danƙon wajen karkatar da haske, iya rufewar fentin. Masana suna da ma'auni na wannan: danƙon akirilik yana wajen 1.5, titaniyom irin wanda aka fi sawa a fenti yana wajen 2.7, garin tutiya wajen 2.0, alli kuwa wajen 1.6. Dubi tazarar da ke tsakanin 1.5 da 2.7. Kusan duk hasken da ya faɗo kan titaniyom komawa yake yi kafin ya kai ga rubutunki, don haka rubutun ya ɓace.

Dubi kuma alli, 1.6 a kan 1.5, kusan babu bambanci. Shi ya sa alli yake fari tas a kan allon makaranta, inda iska ce ke kewaye da shi, amma da zarar an kwaɓa shi da gam sai ya koma toka-toka, ana ganin ƙasa ta cikinsa. Farin fenti mai arha yawanci an rage masa titaniyom an cika da alli da makamantansa, shi ne za ki shafa sau uku baƙin layi na nan yana kallonki. Ni ba na raina irin wannan fentin. Ga mai kundi ma yana da rana, don shi da kansa shara-shara ne, ba sai kin sirka ba. Abin da nake so kawai shi ne ki san wanne ne a hannunki. Tunda naki yana kashe shafi da shafa ɗaya, mai ƙarfin kika samu, kuɗinki bai tafi a banza ba.

Akwai fari na biyu da ya kamata ki sani, na tutiya, lambarsa PW4, a jikin tub ana rubuta Zinc White. Wasu kamfanoni kuma suna da wanda suke kira Mixing White, mai kama da shi a aiki. Ya girmi titaniyom: kamfanin Winsor & Newton na Ingila ya fitar da shi a fentin ruwa tun 1834 da sunan Chinese White. Ƙarfinsa na sauya launi bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na titaniyom ba. Amfaninsa na fitowa wurin haɗi. Ɗiga titaniyom a cikin ja mai kyau, nan take zai koma ruwan hoda mai dishi-dishi, ɗumin jan ya tafi. Sa na tutiya, jan zai yi haske a hankali, ya riƙe ransa. Idan ba ki same shi a inda kike ba, haɗa titaniyom kaɗan da midiyom mai yawa, wato ruwan danƙon akirilik zalla wanda ba a sa masa launi ba. Kusan abu ɗaya za ki samu. Kuma idan kina son ki haskaka ja ko kore ba tare da sun yi sanyi ba, ƙara musu ɗigon rawaya tare da farin.

Yanzu ga abin da nake so ki koya kafin komai, lulluɓi. Tuna safiyar hunturu idan hazo ya sauka: bishiyar ƙofar gida tana nan sarai, ta bakin layi ta dushe, ta can nesa sai inuwarta. Hazon bai share komai ba, amma ya jera abubuwa, na kusa da na nesa. Wannan aikin farin fenti mai ruwa-ruwa ke yi a shafi.

Ki ce kin cika shafi da rubutu, kin liƙa guntun atamfa a gefe, ga tikitin mota, ga shuɗi da ja sun haɗu suna faɗa. Kafin ki taɓa fari, zaɓi wuri ɗaya da kike son ido ya fara sauka, ko da kalma uku ce daga cikin rubutun. Sai ki ɗebi fari kamar ƙwayar wake, ki sirka da ruwa ninki uku ko huɗu a kan faranti, ki ɗauko buroshi mai faɗi mai laushi, ki bi sauran shafin da shafa ɗaya, ki tsallake wurin da kika zaɓa. Kada ki koma kan inda kika riga kika bi yana da danshi, zai yi dabbare-dabbare. Riƙe tsumma mai ɗan laima a ɗaya hannun, duk inda ya yi yawa ki dangwale kafin ya kama. Bar shi ya bushe sarai, sannan ki duba. Za ki ga ya fi yadda kika zata shara-shara, saboda danƙon akirilik fari-fari ne yana ɗanye, sai ya bushe yake washewa. Wannan ne ma ya sa launukan akirilik suke ƙara duhu bayan sun bushe. To daga nan sai ki ƙara shimfiɗa ta biyu, amma ba ko'ina ba, gefe-gefe kawai da inda kike son ya ƙara ja baya. Ta uku a wuri mafi ƙanƙanta. Siraran shimfiɗa uku sun fi mai kauri ɗaya nesa ba kusa ba, domin a kowace kina da damar tsayawa. Mai kauri kuwa idan ta sauka ta sauka.

Za ki ji ana cewa kada a sirka akirilik da ruwa fiye da kashi 30 cikin ɗari, wai danƙon zai yi rauni fentin ya ɓare. Wannan gargaɗi ya fi shafar wuri mai santsi da ba ya shan ruwa. Takarda tana tsotse garin cikin zarenta ta riƙe, saboda haka a kan takarda tsurarta sirka yadda kike so. Inda ruwa ke ba da matsala shi ne kan hoton mujalla mai sheƙi ko kan tsohon fenti mai santsi, nan sai ya tattare ya zama ɗigo-ɗigo. A irin wannan wurin midiyom mara sheƙi ya fi ruwa, yana shimfiɗuwa sumul, kuma ba ya jiƙa takarda sosai.

Ba buroshi kaɗai ke sa fari ba, kuma kowane abu da irin sawunsa. Wanda na fi so shi ne tsohon katin banki. Ɗiga fentin kai tsaye daga tub a saman shafi, kafa gefen katin, ki ja ƙasa da ƙarfi a tafi ɗaya. Inda takardar take a miƙe fentin zai kwashe ya bar ɗan hayaƙi-hayaƙi, inda kuma akwai tudu, bakin takardar da kika liƙa ko zaren atamfa, zai taru ya yi fari sosai. Shafa ɗaya ta ba ki ƙarfi iri-iri ba tare da kin tsara ba, kuma ba ruwa a ciki balle takarda ta lanƙwashe. Busasshen buroshi shi ma haka: taɓa fentin kaɗan, goge kusan duka a tsumma, sannan ki bi saman shafin sama-sama, zai kama tudu ya bar kwari. Soso da sitensil, wato takarda ko roba da aka huda wa siffofi, suna son fenti kaɗan ƙwarai, in ya yi yawa sai ya kutsa ƙarƙashi ya ɓata gefen. Kina iya juya abin: shafa farin ko'ina, ɗora sitensil yana ɗanye, ki goge ta cikin ramukan da tsumma mai laima, launin ƙasa ya leƙo. Haka in kika karce ɗanyen fenti da tsinken sakace, rubutu zai fito da launin da ke ƙasa. Murfin kwalba na buga da'ira, tsohon buroshin haƙori na yayyafi. Waɗannan wasa ne, yi su yadda ranki ke so.

Inda titaniyom mai kauri yake da gaskiya shi ne fitar da siffa ta hanyar rufe abin da ke kewaye da ita. Shafin nan da ya cika hayaniya, zana masa tulu ko ganye ko ƙofar zaure da fensir, babba, a tsakiyar hayaniyar. Sai ki cika wajen layin da fari mai rufewa, ki bar cikin yadda yake. Duk rikicin launin da ya dame ki zai koma adon jikin tulun. Na ga ɗalibai da dama sun tsaya cak suna kallon shafinsu a karon farko da suka gwada wannan, don abin da suke shirin yagewa shi ya zama mafi kyau a littafin. Ko a nan ma kada farin ya zama bai ɗaya: kusa da siffar ya yi kauri, can gefe ya sirance har rubutu ya ɗan leƙo.

Sannan fari daga tub kai tsaye yana da sanyi da kaifi, musamman a kan tsohuwar takarda mai ruwan madara. Kafin ki rufe fili mai faɗi, karya shi. Kan tsinke na rawayar ƙasa, wadda ake rubuta wa Yellow Ochre, zai ba shi ɗumi. Ɗigon shuɗi zai tura shi baya. Akwai ma wanda ake sayarwa a haɗe, Unbleached Titanium ko Titan Buff, mai launin yashi. Gwada sa fari mai ɗumi kusa da mai sanyi ki ga yadda suke rabuwa. A 1918 mai zanen nan Kazimir Malevich ya yi zane a Rasha wanda ba komai a cikinsa sai farin murabba'i a karkace a kan farin fili, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sanyi, kuma wannan ɗan bambancin shi ke riƙe da zanen har yau a gidan adana zane na MoMA da ke New York. Robert Ryman, Ba'amurke da ya rasu a 2019, kusan duk rayuwarsa ta zane a kan fari ya ƙare ta, yana sauya irin fentin, da kaurinsa, da abin da ya shafa shi a kai. Nemi hotunan aikinsu ki duba da kyau, ko a waya ne, za ki daina ganin fari a matsayin wurin da ba komai.

Farin tub zalla, mai kauri, ajiye shi sai ƙarshe, kuma ki yi rowarsa: ɗigon haske a ido, bakin kofi, layi ɗaya a gefen ganye. Yana haskawa ne idan akwai duhu kusa da shi. In kin watsa shi ko'ina, babu inda zai haska.

Mu koma kan biro da ke hudowa. Launi iri biyu ne a duniyar tawada. Akwai na gari, wanda ƙwayoyinsa ke zaune a inda aka ajiye su. Akwai na rini, wanda ke narkewa. Yawancin biro, da maka, da tawadar firintar gida mai fesawa, rini ne. Idan kika shafa ɗanyen akirilik a kai, ruwan da sauran sinadaran da ke cikin fentin sai su tayar da rinin, yayin da ruwan ke hawowa sama don ya bushe sai ya taho da shi. Shi ya sa ƙara shimfiɗa ba ya magani: kowace sabuwar shafa tana sake jiƙa shi ta ɗago shi hawa na gaba. Baƙin biro yakan fito da ruwan shunayya, ja kuwa ya fi kowa naci. Hoton da aka yi fotokwafi ko aka buga da firintar leza ba ya yin haka, domin garin roba ne aka narkar da zafi ya manne a takarda.

Kayanmu na gida ma kowanne da halinsa. Tawadar allo, ta baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku, to buroshi mai ruwa na taɓa ta za ta bi shi, farin ya koma ruwan toka. Fentin ruwa da gwash, wato fentin ruwa mai rufewa, su ma ƙaro ne danƙonsu, haka za su yi. Ruwan shayi da kofi da ake tsufar da takarda da su suna hawowa rawaya-rawaya. Zoɓo ya fi ban mamaki: akirilik sinadarinsa ɓangaren kanwa yake, ba ɓangaren tsami ba, saboda haka jan zoɓo idan ya haɗu da shi yakan juya ya yi shuɗi-shuɗi ko toka. Yana da kyau a ido, sai dai launin zoɓo ba ya jure haske, zai kwanta da daɗewa.

Me za ki yi? Da farko gwada kafin ki shafa: jiƙa auduga ki dangwala a gefen rubutun, in ta ɗauko launi to zai hudo. Rubutun da kike son ya zauna daram a ƙarƙashin lulluɓi, yi shi da fensir, ko alƙalamin tawadar gari irin Pigma Micron, ko baƙar tawadar zane da ba ta wankuwa bayan ta bushe. In kuwa biron ya riga ya hau, hanya mafi tabbas ita ce ki liƙa siririyar takarda a kai sannan ki yi fenti, ko ki fesa abin kare zane sama-sama sau biyu, a waje inda iska ke kaɗawa, ki bari ya bushe. Amma kafin ki yaƙe shi, dube shi tukuna. Mutane da yawa suna rubuta damuwarsu ne a kundi don su sauke ta, ba don wani ya karanta ba. Rubutun da ya narke ya zama inuwar shunayya a cikin fari, ana ganin an yi magana amma ba a iya karanta ta, sau da yawa shi ne daidai abin da shafin ke bukata. Ni har da gangan nake rubutu da maka mai narkewa in bi shi da fari don in sami wannan.

Tsohuwar takarda da jarida da kwali suna da nasu rinin na tsufa, wanda ke hawowa ya sa fari ya yi rawaya. Shafa musu midiyom mai sheƙi hawa biyu, kowanne ya bushe, kafin farin. Idan za ki yagi jarida ko tsohon littafi don liƙawa, duba gaba da baya kada akwai aya ko sunan Allah a jiki. Rasit na POS kuma kada ki dogara da shi: takardar zafi ce, rubutunta na gogewa da kansa, kuma na'urar busar da gashi ko ɗigon sifirit na iya mayar da ita baƙa ƙirin. In yana da muhimmanci a gare ki, yi fotokwafinsa ki liƙa.

Alƙalamin da ya ƙi rubutu, abu biyu ne. Ko dai fentin ya bushe a sama amma cikinsa da saura, bakin alƙalamin ya kwashi danƙo ya toshe, ko kuma fuskar ta yi santsi, ba abin da zai kama tawadar. Na farko maganinsa haƙuri: bar shafin ya kwana. Alƙalami mai bakin zare in ya sha ɗanyen akirilik sau ɗaya, ya gama aiki. Na biyu maganinsa jeso. Jeso farin share fage ne, danƙon akirilik da titaniyom da alli a haɗe, allin ne ke ba shi ɗan kaushi. Na akirilik ɗin Henry Levison ne ya fara fitar da shi a 1955 a birnin Cincinnati na Amurka, da sunan Liquitex. A kan jeso fensir na kamawa, gawayi na kamawa, biro na tafiya. Saboda haka duk wurin da kika san za ki yi rubutu daga baya, sa jeso maimakon fenti, ko ki bi fentin da siririn midiyom mara sheƙi. A kan fenti mai santsi kuwa, maka mai fenti a ciki irin Posca ita ke tafiya ba gardama.

In jeso ya yi tsada ko babu, farin fentin bango na ruwa, emulshan, yana tsayawa a madadinsa cikin kundi. Ba shi da sheƙi, yana da alli da yawa, fensir na son sa. Danƙonsa kaɗan ne, to shafa shi siriri, in ya yi kauri zai tsage a wurin naɗin littafi. Ɗan farin gam na kafinta irin Top Bond a ciki yana ƙara masa riƙo. Ba zan ce ki yi aikin sayarwa da shi ba, amma kundi wurin gwaji ne. Fentin mai dai, na ƙofa da taga, kada ya kusanci takarda, man yana cin ta.

Mannewar shafuka ita ce matsalar da ta fi damun mu a nan fiye da mutanen ƙasashen sanyi. Fatar akirilik ba ta taurara kamar gilashi, roba ce da ke laushi da ɗumi, ko a ɗaki mai matsakaicin zafi tana da ɗan danƙo. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, shafi biyu masu fenti in suka haɗa fuska, aka danne su cikin jaka, sai su zama ɗaya. Mai sheƙi ya fi mannewa, mai kauri ya fi siriri. Jeso da emulshan da kyar suke yi, saboda allin da ke cikinsu.

Don haka kada ki rufe littafi a ranar da kika yi fenti, bar shi a buɗe ya kwana, mai kauri ma ya yi kwana biyu ko uku. Sa takardar gashin kek tsakanin shafuka, ita ba abin da ke kama ta. Kada ki sa jarida ko tishu, za su manne su bar miki gashi. Idan kin gama da shafi gaba ɗaya, goga masa farin kyandir sama-sama ki murje da tsumma mai laushi, kakin zai raba su. Sai dai ki tabbata kin gama, don bayan kaki ba abin da zai sake zama a kai. Hodar jiki kaɗan, a barbaɗa a kakkaɓe, ita ma tana rage danƙon. Ajiye littafin a tsaye, ba a ƙarƙashin tarin littattafai ba, kuma kada ki bar shi cikin mota da rana.

Hunturu kuma nasa daban. Iskar ta bushe, siririn fenti na iya kamawa kafin ki kai hannu ga tsumma. Matso kaɗan-kaɗan, ki yi aiki a ƙaramin fili, kwalbar fesa ruwa na kusa. Samu robar abinci mai murfi, shimfiɗa jiƙaƙƙen tishu a ƙasa, takardar gashin kek a sama, ki matsa fentin a kai, zai kai gobe bai bushe ba. Rufe taga kafin ki fara, domin ƙura na zama a kan ɗanyen fari ta shige ciki har abada. Buroshi kada ya sha iska da fenti a jikinsa, daga hannu sai cikin ruwa, an gama a wanke da sabulu. In ya riga ya ƙafe, jiƙa shi a sifirit, yana narkar da busasshen akirilik. Ruwan wanke farin ma ya zama nasa daban, don ɗigon shuɗi ɗaya a kofi ya isa ya ɓata miki shi.

Takardar littafin rubutu ta yau da kullum, mai nauyin giram 70 ko 80 a kowace murabba'in mita, ba ta ɗaukar ruwa, za ta lanƙwashe. Ki manna shafi biyu su zama ɗaya, ko ki nemi mai giram 200 zuwa 300. Kuma kada ki tsaya kan farar takarda. Fari a kan fari ba ya nuna kansa. Takardar ruwan ƙasa irin wadda teloli ke yanka fatan da ita, ko baƙin kwali, a kansu ne za ki ga ainihin abin da fentinki ke iyawa.

Kafin ki koma kan shafukan da kike ji da su, ware shafi biyu na ƙarshen littafin. Ja layuka a kwance, kowanne da abu daban: biro baƙi, biro ja, maka, fensir, tawada, fentin ruwa, ruwan shayi, ki liƙa guntun jarida da na mujalla. Rubuta sunan kowanne a gefe da fensir. Sai ki ratsa su da fari a tsaye, ginshiƙi huɗu: na tub zalla, wanda aka sirka rabi da rabi, mai ruwa ninki huɗu, da wanda aka ja da kati. In kina da jeso ko emulshan, ƙara musu nasu ginshiƙin. Duba shi bayan awa ɗaya, ki sake dubawa bayan kwana uku, domin wani rinin a hankali yake hawowa. Sannan ki gwada duk alƙalumanki a kan busasshen farin, ki sa alama a kan waɗanda suka tafi. Duk lokacin da kika sayi sabon fari ko sabon alƙalami, ƙara masa layinsa a wurin.